Tambayoyi da amsoshi ga mai fara nazarin ginin harshen Larabci a Damagaram

Tambayoyin nan sun taru ne a hankali, daga bakin masu zuwa karatun nahawu bayan isha a wani zaure cikin Birni: ɗaliban faranko-arab masu shirin jarrabawa, mahaddata, ƴan kasuwar Dole da ke rufe shago su zo da ƙurar yini a ƙafa, har da wani tsohon mushe, wato malamin lakwal, da ya ce yana so kafin ya mutu ya san abin da yake faɗa a salla. Duk shekara fuskoki na sauyawa, tambayoyin kuwa su ne dai.

Me ake nufi da ginin harshe? Ba koyon Larabci ke nan ba?

Yaron da ya tashi a Zango yana cewa “na sayo”, “na sayar”, “ya sayu”, bai taɓa kuskure ba, amma ka tambaye shi me ya raba su, sai ya yi maka dariya. Yana jin harshen, bai san yadda aka jera tubalinsa ba. Mu da Larabci bai zo mana ta nono ba, ta ƙofar ginin muka fi saurin shiga. Hawa uku ne. Akwai sauti, wato mafitar kowane harafi. Akwai sarfu, yadda ake ƙera kalma daga saiwarta. Sai nahawu, yadda kalmomi ke zama cikin jimla da abin da ke faruwa da ƙarshensu. Littattafan zamani kan bi wannan jeri daga ƙasa zuwa sama. Na zaure kuwa da raba kalma gida uku suke farawa: suna, aiki, harafi.

Na sauke Alƙur'ani, ina karanta baƙi da wasali. Daga ina zan kama?

Rabin jarin yana hannunka, domin kunnenka cike yake da jimlolin da ba su da aibu ko ɗaya. Abu biyu ne za su ba ka mamaki a makon farko. Na ɗaya rubutu. A allonmu na Warshu, fa ɗigo ɗaya gare ta a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A littattafan da ake bugowa a Masar da Bairut, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf ɗigo biyu. Kwana kaɗan ido ke sabawa, amma kafin nan za ka karanta “fiil” (giwa) a matsayin “ƙiil” ka rasa inda maganar ta dosa.

Na biyu ya fi nauyi: bayan darussan farko wasali zai fara ɓacewa daga shafi. Kaf, ta, ba a jere na iya zama kataba (ya rubuta), ko kutiba (an rubuta), ko kutubun (littattafai). Babu mai gaya maka wanne ne sai jimlar da kanta. Wannan shi ne dalilin karatun gaba ɗaya, kuma amsoshin saiwa da li'irabi (sauyawar ƙarshen kalma) da ke ƙasa su ne maganinsa.

Wane littafi zan saya?

A zaurukanmu Ajuruma ce ƙofa. Mai ita, Ibnu Ajurrum, ɗan ƙabilar Sanhaja ne mutumin Fas, ya rasu a 723 bayan Hijira (1323). Ƴan shafuka ne, mai ƙwazo na iya haddace ta a wata guda. Kyanta shi ne tsari: ta gaya maka masu rufu'a bakwai ne, masu nasbu goma sha biyar, masu jarru kashi uku (halayen ƙarshen kalma ke nan), sai ka ga iyakar gonar tun kafin ka sa fartanya. Rauninta kuwa misalai kaɗan ne, babu aikin gwaji, sarfu kuma kusan ba ta taɓa shi ba. In ita za ka ɗauka, ka haɗa da sharhinta Tuhfatus Saniyya na Muhyiddin Abdulhamid, wanda ya sa tambayoyi da atisaye bayan darussa.

Littattafan makaranta ta wata hanya suke bi. Nahwul Wadih na Aliyu al-Jarim da Mustafa Amin yana fara kawo jimloli, ya tattauna su, sannan ya fitar da ƙa'ida, ya bi ta da aiki. Durusul Luga na Abdurrahim, wanda aka fi sani da littafin Madina, juzu'i uku ne, ya fara tun daga “haza baitun” yana saƙa ƙa'ida cikin hira. A ganina, wanda bai da kalmomi ko ɗari a kansa ya fara da irin waɗannan. Mahaddaci ko wanda ya yi Ahlari da Ishmawi a gaban malam, Ajuruma da sharhinta sun fi dacewa da shi.

Abin da nake roƙo kawai: ɗaya za ka saya, kuma ka kai shi bango. Na ga jakunkuna masu littafi biyar, kowanne an yi masa zane har shafi na ashirin, daga nan fari fat. Alfiyya kuma a bar ta tukuna, maganarta na zuwa a amsar ƙarshe.

Dole ne sai na gyara furucina? Ai malamanmu da “walal laalina” suka yi karatu.

Sun yi, kuma sun san nahawu fiye da mu. Amma su a rubuce suna rarrabe haruffan sarai, ko da baki ya haɗe su. Baƙaƙen Larabci 28 ne, bakin Bahaushe kuma yakan tara da yawa wuri ɗaya. Lodi ya koma la, shi ya sa muke da alwala da lalura. Ha uku sun zama ɗaya, za uku sun zama ɗaya. Ɗauki “saara”: da sin ma'anarta ya yi tafiya, da sodi ya zama, da sa mai ɗigo uku ya yi bore. In ba ka san wace ce a hannunka ba, za ka nemi saiwar da ba ita ba a ƙamus. Saboda haka ko harshe ya ƙi lanƙwasuwa, hannu ya san bambancin.

Akwai kuma inda muka fi mai Faransanci sa'a nesa ba kusa ba. Kunnenmu ya riga ya san dogon wasali da gajere: gari na mutane daban, garin tuwo daban. Ya san shadda: baba daban, babba daban. To haka jamal (raƙumi) da jamaal (kyau), haka darasa (ya yi karatu) da darrasa (ya karantar). Hatta darasin haruffan rana da na wata, goma sha huɗu kowanne, a bakinmu yake tun muna yara. Muna cewa Annabi, attajiri, azzalumi, addini, lam ɗin “al” ta narke. Muna kuma cewa alƙali, albasa, aljanna, alhaji, lam na nan daram.

Mene ne wannan saiwa da ma'auni da ake ta faɗa?

Nan ne zuciyar karatun, wanda ya kama shi sauran saukowa ce. Mafi yawan kalmomin Larabci daga baƙaƙe uku suke tsirowa, su ne ke riƙe da ainihin ma'ana. Jim, mim, ain na nufin tarawa. Yanzu saurari Hausarka: jama'a, Juma'a, jami'a, jam'iyya, jam'i. Ha, kaf, mim kuma sun ba mu hukunci, hukuma, hakimi, hikima. Shekara da shekaru muna amfani da ƴaƴan gida ɗaya ba mu san uwarsu ɗaya ba.

Ma'auni shi ne kwamin da ake zuba saiwar a ciki, kamar yadda mai bulo ke zuba ƙasa iri-iri a kwami guda su fito da siffa ɗaya. Malaman sarfu sun ɗauki fa, ain, lam su tsaya a madadin kowace saiwa. Faa'il mai aikatawa ne: kaatib, haakim, ɗaalib, jaahil. Maf'uul wanda aikin ya faɗa wa: maktuub, mazluum, Mahmuud. Mai farawa da ma- sau da yawa wuri ne ko lokaci: maktab, masjid, majlis, magrib. Ka riƙe kwami ɗaya, ka buɗe ɗaruruwan kalmomi da ba ka taɓa gani ba.

Aikatau ma haka yake. Daga ain, lam, mim: alima ya sani, allama ya koyar, a'alama ya sanar, ta'allama ya koya, ista'alama ya nemi sani. Littattafan Faransanci kan sa wa waɗannan siffofi lamba daga 1 zuwa 10, na zaure kuma su kira su da ma'auninsu. Kada abin ya tsorata ka: saya, sayo, saye, sayar, sayu, ai dabara ɗaya ce. Wahalar gaske tana wajen saiwoyi masu wawu ko ya, domin haruffan nan biyu ba su da zama. Ƙaala ta koma yaƙuulu, ta koma ƙul. Waƙaa kuwa in aka yi umarni da ita harafi ɗaya tak ke saura, “ƙi”, wanda kake faɗa kullum a cikin “wa ƙinaa azaaban naar”.

Gaskiya ne Hausa daga Larabci ta fito?

A'a, amma ƴan uwa ne na nesa. Masana harshe sun sa su cikin babban dangi ɗaya, Afro-Asiya. Larabci na reshe ɗaya da Ibrananci da Amharancin Habasha, Hausa na reshen harsunan Cadi, Tamajak ta Buzaye ma tana cikin dangin a nata reshen. Barbarci kuwa, duk da daɗewar zamanmu tare a Damagaram, wani dangi ne daban. Alamun zumuntar suna cikin ƙananan abubuwa da ba a cika arowa ba: kitaabuka littafinka, kitaabuki littafinki, kitaabukum littafinku, “ta” ta mace a taktubu da “ta rubuta”, ma- ta miftaah da ta mabuɗi, maata da mutu.

Aro kuma wani abu ne, ya zo daga baya ta hanyar addini da fatauci. Littafi daga al-kitaab, labari daga al-khabar, lokaci daga al-waƙt, liman daga al-imaam: mun haɗiye kalmar har da “al” ɗinta. A yi hattara dai, kalmar aro kan sauya hali a gidan miji. Almajiri daga al-muhaajir yake, amma a Larabci mai ƙaura ake nufi.

Me ya sa ƙarshen kalma ke ta sauyawa? Ba za a iya sa ɗauri a huta ba?

A Hausa wurin zama ke nuna wanda ya yi aiki. “Audu ya bugi Garba”, in ka juya sunayen ka juya wanda ya sha kashi. A Larabci wasalin ƙarshe ke ɗauke da wannan nauyi, shi ne li'irabi. Daraba Zaidun Amran, ko daraba Amran Zaidun, duk Zaidu ne mai bugu, domin rufu'a na kansa. Halaye huɗu ne: rufu'a, nasbu (fataha), jarru (kisira), jazmu (ɗauri). Suna ba ya karɓar jazmu, aiki ba ya karɓar jarru. In ka ga Ajuruma na cewa “khafdu” kada ka ruɗe, jarru ɗin ne, da sunan da malaman Kufa ke kiransa.

Wata rana a zaure na rubuta aya ta 28 ta Suratu Faɗir ba wasali, na ce wani saurayi ɗan lise ya karanta. Ya bi tsarin da ya saba, na farko shi ne mai aiki, ya sa wa sunan Allah rufu'a, ya sa wa “ulamaa” fataha. Wani mahaddaci da ke gefe har ya zabura, kofin shayinsa ya kife a tabarma. Daidai shi ne “innamaa yakhshal laaha min ibaadihil ulamaa'u”: malamai ne ke tsoron Allah. Karatun saurayin ya kifar da ma'anar. Tun daren nan babu wanda ya sake tambayata amfanin li'irabi a ajin.

Ba kullum wasali ne alama ba, wani lokaci harafi ne: muslimuuna da muslimiina, abuuka da abaaka da abiika. Lissafinmu ma ya adana wannan. Ashirin, talatin, hamsin, sittin duk siffar nasbu da jarru ce muka aro, ta rufu'a ita ce ishruuna, salaasuuna.

Yaya zan gane inda jimla ta cika?

Jimla iri biyu ce, mai farawa da aiki da mai farawa da suna. Ta biyun ce ke kayar da mutane, domin Larabci ba shi da “ne” da “ce”. Al-baitu kabiirun na nufin gidan babba ne, magana ta cika, mubtada'i (sunan da ya buɗe jimla) da habarinsa (labarin da aka ba da a kansa). Al-baitul kabiiru kuwa “babban gidan” kawai, mai sauraro na jiran ci gaba. “Al” ɗaya ce ta raba su. Idafa, wato jingina suna ga wani suna, ita ce mai sauƙi gare mu, tun da jerinta irin namu ne: baitul mu'allimi, gidan malam. Na farko ba ya ɗaukar “al” ko tanwini, na biyu kullum cikin jarru.

A ina Hausa ke yi mana ƙafar ungulu?

Wajen jinsi tukuna. Rana da shamsu duk mata ne, wata da ƙamar duk maza, sai mutum ya saki jiki. Can sai ya tarar ƙofa mace ce amma baab namiji, ido da kunne da hannu maza ne amma ain da uzun da yad mata. Sai jam'in abin da ba mutum ba, wanda Larabci ke ɗauka kamar mace ɗaya: al-kutubu jadiidatun, mu kuwa “littattafan sababbi ne”. Aiki in ya riga masu shi, tilo yake zama: jaa'aɗ ɗullaabu, amma aɗ-ɗullaabu jaa'uu. Akwai kuma siffar abu biyu, kitaabaani, wadda ba mu da ita sai a tsofaffin kalmomin aro irin su metan.

Ƙidaya ce ƙarshen tika-tiki. Daga 3 zuwa 10 adadi na saɓa wa jinsin abin da ake ƙirgawa: salaasatu rijaalin, salaasu nisaa'in. Daga 11 zuwa 99 abin ƙirgawar tilo ne cikin nasbu, a 100 da 1000 tilo cikin jarru. Larabawa kansu na tuntuɓe a nan, don haka kada babin adadi ya sa ka ajiye littafi. Karyayyen jam'i kuwa, irin su rajul da rijaal, bai kamata ya ba mu tsoro ba, mu da muke da gulbi da gulabe, sirdi da sirada. Haddace kowane suna tare da jam'insa, kamar yadda ka yi da na Hausa ba ka sani ba.

Na nemi kalma a ƙamus ban gan ta ba, alhali ƙamus ɗin babba ne.

Tana ciki, a ƙarƙashin saiwarta. Istiƙbaal ba a alif take ba, sai ka tuɓe mata ƙari ka je ƙaf, ba, lam, inda za ka tarar da alƙibla da ƙabila suna jiranka. Miizaan tana wawu, za, nun. Ka koma amsar saiwa da ma'auni in wannan bai zauna ba. Ka kuma duba tsarin ƙamus ɗin: na zamani da harafin farko na saiwa suke jeri, amma Ƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi da harafin ƙarshe yake farawa. Af, kalmar ƙamus kanta daga sunan littafin nan ta samo wannan ma'ana, asalinta teku take nufi.

Na yi lakwal. Nahawun Faransanci zai taimake ni?

Zai taimaka wajen horo: wanda ya sha konjugezon a hannun mushe ba ya jin tsoron jadawalin kataba, katabaa, katabuu mai gida goma sha huɗu. Amma kada ka tilasta wa sunayen su yi daidai. Abin da Faransanci ke kira da suna ɗaya, mai aikin jimla, nahawun Larabci ya raba shi: in ya biyo bayan aiki fa'ili ne, in shi ya buɗe jimla mubtada'i ne. Sifa kuma a wurinsu cikin sunaye take. Ka koyi kowane tsari da sunayensa, ka bar fassara tsakaninsu sai ƙafarka ta tsaya.

Na yi shekaru a Libiya, ina jin Larabci sosai, amma littafin na ba ni wuya.

Abin da ka koyo a Sabha ko Tarabulus harshen titi ne, kamar na Shuwa da ake ji wajen Diffa ko na Cadi. Harsuna ne cikakku masu ƙa'idarsu, sai dai sun zubar da wasalin li'irabi, sun rage siffofin aikatau. Saiwoyi da yawa na kanka, wannan riba ce babba. Aikinka shi ne darussan li'irabi da na siffar abu biyu, a hankali, da alƙalami.

Hadda ta fi ko aiki? Kuma zan iya ba malami?

Ni na haddace Ajuruma tun ina saurayi, da fassararta ta Hausa kalma bayan kalma, ina rera “alkalaamu huwal lafzul murakkabu” har maƙwabta na sa albarka. Ranar da aka ce in rubuta wasiƙar layi biyar zuwa ga wani baƙo, na zauna da takarda daga la'asar har kiran magariba, layi biyu na samu, su ma da kuskure. Ba a taɓa sa ni in ƙera jimla tawa ba. Hadda na da amfani, ita ce rumbu, amma kowace ƙa'ida ka bi ta da jimla biyar naka, a kan abin da ke gabanka: kasuwa, babur, kuɗin ruwa.

Ga abin da muke yi a zaure. Kowa da kayensa da bik ja. A ɗauki jimla ɗaya sananniya, a yi wa kowace kalma tambaya uku: suna ce, aiki, ko harafi? Mece ce saiwarta da ma'auninta? Wane matsayi take, da wace alama? Ɗauki “innamal a'amaalu bin niyyaati”. Innamaa harafi. Al-a'amaalu suna, karyayyen jam'in amal a ma'aunin af'aal, mubtada'i, rufu'a a ƙarshe. Bi harafin jarru. An-niyyaati ta karɓi kisira saboda shi, lam ta narke domin nun harafin rana ne, su biyun kuma su suka cike gurbin habari. Minti goma, ka taɓa darasi biyar.

Ba malami kuwa, karatun sauti a waya da rukunonin WhatsApp na rage hanya, amma ba sa ganin kayenka. Ko sau ɗaya a mako ne, nemi wanda zai sa maka jan bik. Rabin sa'a kullum bayan asuba ya fi yinin Lahadi guda.

In na gama littafin farko, sai me?

Hanyar zaure sananniya ce: Mulhatul I'irab ta Hariri, Ƙaɗrun Nada na Ibnu Hisham, Lamiyyatul Af'al don sarfu, sannan Alfiyya, baiti wajen dubu na Ibnu Malik, haifaffen Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 672 (1274), tare da sharhin Ibnu Aƙil. A ƙasar Hausa ma an yi manya: Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu, duka a waƙe. Sibawaihi kansa, mai littafin da duk nahawu ke komawa gare shi, Bafarishe ne, shi ma ba Balarabe ba. Mai neman takardar shaida kuma akwai Jami'ar Musulunci ta Say, wadda ta buɗe a 1986.

Kafin ka sayi na gaba dai, yi wannan gwaji. Samo shafi ɗaya da ba ka taɓa gani ba, marar wasali, daga jarida ko littafin tarihi. Sa masa wasali duka, har na ƙarshen kalmomi, ka kai wa malam. In jan bik ya tsaya a kalmomin da ba ka sani ba, wuce gaba. In kuwa a ƙarshen kalmomi ya taru, koma babin alamomin li'irabi ka sake shi da sababbin jimloli.